Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Jere: Ina Hurumin Kogin Ngadda Ya Tsaya?

Mai girma Shugaba, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga abin da ke tafe da ni.

Ba sai na ba ka labarin wayewar garin 10 ga Satumba, 2024 ba, ranar da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Kogin Ngadda ya tumbatsa, ruwa ya shanye unguwannin Fori da Gwange a birnin Maiduguri, ya kutsa Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Ka fi ni sanin wannan, kamar yadda ka san cewa a 1994 ruwan nan ya taɓa yi wa garin irin wannan ɓarna. Shekara 30 ke nan tsakanin ambaliyar farko da ta biyu, kuma a tsawon lokacin gine-gine sun yi ta gangarawa zuwa cikin kwarin kogi a gaban idon kowa.

Kukana guda ɗaya ne. Talakan da ke zaune a gaɓar Ngadda yana jin ana ta faɗa a rediyo cewa masu gini a kan hanyar ruwa ne suka tsananta bala'in, amma idan ka tambaye shi inda hurumin kogi ya fara da inda ya ƙare, ba shi da amsa. Mita nawa ne? Daga ina ake fara awo, daga bakin ruwan rani lokacin da yaro ke tsallake kogin da ƙafa, ko daga inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta da Satumba? Tazarar da ke tsakanin waɗannan wurare biyu za ta iya cinye layin gidaje sukutum, kuma a cikinta ne za a gane wanda zai kwana a ɗakinsa da wanda zai wayi gari da jan fenti a bangon gidansa. Dokar da ba a nuna wa mutane iyakarta a ƙasa ba, dillalin fili kaɗai take yi wa amfani, domin shi ne zai ci gaba da rantsuwa cewa fulotinsa yana can nesa da ruwa.

Waɗannan mutane ba da dare suka lallaɓo suka kafa tubali ba. Galibinsu saye suka yi, da shaidu da takardar ciniki, kuma kowa ya san ba a cinikin fili a unguwa bulama, wato mai unguwa, bai sani ba. Da yawa daga cikinsu rikicin Boko Haram ne ya koro su daga Bama da Gwoza da Konduga da Mafa, suka sayi inda ƙarfinsu ya kai, inda ƙarfin talaka ke kaiwa kuwa shi ne kwari. Idan ginin laifi ne, to da mai saye da mai sayarwa da wanda ya sa hannu duk suna ciki, sai dai har kullum mai saye ne ake nuna wa yatsa.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun Gwamna, madatsar kuma tana ƙarƙashin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi ta tarayya. Gaskiya ne. Amma wannan dokar ce ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya a filayen da ba a ayyana su cikin birni ba, Jere kuwa tana da irinsu har zuwa fadamar shinkafa ta Zabarmari. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora muku magudanan ruwa da kwashe shara da sanya wa gidaje lamba. Hukumar da aka ba aikin ƙididdige gidaje domin haraji, ai ba za ta rasa hanyar sanin waɗanda ke bakin ruwa ba, sai in lissafin ba ya tashi sai ranar karɓar kuɗi. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, muka ji ana ta cewa yanzu gwamnati za ta kusanci jama'a. Muna nan a bakin kogi muna jiran isowarta.

Ranka ya daɗe, ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran madatsa ba zai mayar da kogin hanyarsa ba idan an toshe ta da gini da bola, kuma damina ba ta jiran rahoton kwamiti. Akwai batun sharar da ake zubawa ƙarƙashin gadoji da na kwalbatocin da suka cushe, amma na bar su zuwa wani lokaci.

Roƙona shi ne ka nemi hukumomin jiha masu kula da filaye da tsara birane su sauko tare da ma'aikatanka, a auna gaɓar a gaban jama'a, a kafa turakun siminti da kowa zai gani. A dakatar da sa hannu a kan duk wani cinikin fili na bakin kogi har a gama awon, a sanar da lawanai da bulamomi hakan a rubuce. Sannan ka kira taro a Khaddamari, hedikwatar ƙaramar hukumar, a yi bayani da Kanuri da Hausa da Shuwa, a faɗa wa wanda gidansa ya faɗa cikin hurumi ko akwai diyya, nawa ce, ina zai koma, da kuma wa'adin da aka ba shi. A yi wannan da rani, kafin ruwan farko ya sauka.

Wassalam.

Naka,
Wani mazaunin gaɓar Ngadda.