Zuwa ga abokina a Kaduna

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya jikin Baba? Mu nan Argungu lafiya lau sai zafi, mutane duk sun tare a fadama wajen shinkafar rani.

Ka tuna littafin da na daɗe ina cika maka baki zan rubuta wa 'yan sakandare? To na fara, har na kai babi na 6. Wannan karon ba soyayya ba ce, labarin yaro ne ɗan shekara 16 da ya fizge waya a tasha aka kai shi Bosta, gidan horon yara masu laifi na can wurinku, ya koyo ɗinki ya dawo gida.

Abin da ya tayar min da shi wani yaro ne nan unguwarmu, kusan haka ta faru da shi. Da ya dawo kawunsa ya saya mai keken ɗinki, amma ka san mutanenmu, azumi ya zo kowane tela na kwana a shago shi kuwa yana zaune ko ɗinkin wando ba mai kawo mai, wai kar ya gudu da kayan mutane. Sai na ɗauki shaddata yadi 5 na kai mai. Wallahi da yana auna ni hannunsa rawa yake, wuya kaɗai sai da ya auna sau 3. Ranar da ya kawo ɗinkin ya haɗo da wata leda, na buɗe sai na ga ƙyallayen da suka rage ne, har ɗan guntun da bai kai tafin hannu ba, don kar a ce ya riƙe wani abu. Na kasa cewa komai, ledar tana nan cikin durowata har yau.

Tun 2019 gwamnati ta mai da gidan yari gidan gyaran hali a takarda, amma a bakin unguwa har gobe "ɓarawon waya" ake ce wa yaron. Shi ya sa ban ɓata lokaci kan zamansa a tsare ba, babi ɗaya na ba shi, sauran duk kan dawowar ne, wa ya amsa sallamarsa, wa ya matsa gefe a sahun masallaci.

Alfarma nake nema, in ka samu sarari ka leƙa min Bostan ka faɗa min yadda ɗakin koyon sana'arsu yake, ba na son in rubuta abin da ban gani ba. Zan turo maka babi 2 ta WhatsApp, ka ba ɗanka ya fara karantawa, shi nake son jin ta bakinsa.

Ka gaida Hajiya.

Naka,
Abokinka na Argungu