Godiya ga kamfanin da ya ɗora mana rumbun bayanan asibiti

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Injiniya da dukkan ma'aikatan kamfaninsa,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a, a madadin ma'aikatan ɗakin kati na asibitinmu da ke Kano, don mu gode muku kan aikin shigar da fayil-fayil na marasa lafiya cikin kwamfuta. Yanzu neman kati ya zama abu mai sauƙi, kowa ya shaida. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne maganar da kuka tayar tun kafin a kashe ko kwabo, alhali babu wanda ya tambaye ku.

Ku ne kuka faɗa mana cewa manhajojin sarrafa rumbun bayanai da yawa suna aika rahoto ta intanet zuwa ga kamfanin da ya ƙirƙire su: wane samfuri ake amfani da shi, a kan wace irin na'ura, waɗanne sassa aka fi taɓawa, wace matsala ta auku. Ba ku tsorata mu ba. Kun bayyana cewa galibin wannan rahoto ƙidaya ce kawai, ba sunayen mutane ba, kuma masu manhajar suna gyara kura-kurai da ita. Sai dai kun ja hankalinmu kan rahoton da ke fita idan manhaja ta tsaya cak, domin yakan kwashi abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar a wannan lokaci, kuma a wurinmu abin da ke ciki yana iya zama sakamakon gwajin wata baiwar Allah da ta zo awon ciki.

Nan ne hankalina ya tashi. A ɗakinmu akwai katin mai ƙanjamau, da na mai tarin fuka, da na matar da ta yi ɓari ba ta so dangin miji su sani. Mutanen nan likita suka faɗa wa sirrinsu, mu kuma ajiya aka ba mu. Wanda aka ba ajiya bai kamata ya bar taga a buɗe ba, ko da ya tabbata ɓarawo ba ya bin unguwar.

Kun shimfiɗa mana zaɓi dalla-dalla. Kun nuna mana a takardun Microsoft cewa manhajarsu ta SQL Server tana tattara bayanan amfani, kuma a samfuran da ake biya ne kaɗai ake iya kashe aikawar, na kyauta irin Express ba a kashewa. Kun ambaci MariaDB, wadda nata sashen aika rahoton a kashe yake zuwa sai mai ita ya kunna da kansa. Daga ƙarshe kuka ba da shawarar PostgreSQL, manhajar da asalinta ya faro a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a 1986, wadda ba ta aika rahoto ga kowa, kuma duk mai ilimin abin yana iya buɗe rubutunta ya duba. Ita kyauta ce. Na san da kun tura mu ga wadda ake biyan lasisi, da wataƙila wani abu ya shigo aljihunku, amma ba ku yi ba.

Ba ku tsaya a nan ba. Kun toshe wa sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da rumbun bayanan, hanyar fita intanet sai abin da aka yarje mata, sannan kuka zaunar da mu kuka nuna mana inda ake duba duk abin da ya nemi fita. Yaronku da ya koya mana wannan ya yi haƙuri da mu ƙwarai, musamman dattawan cikinmu da suka shekara suna aiki da biro da rajista. Allah ya yi masa albarka.

Shugaban asibiti ma ya ce in isar da godiyarsa kan bayanin da kuka yi masa game da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023. Daga bakinku muka ji cewa dokar ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje, kuma Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya tana da ikon cin tarar wanda ya saɓa. Da wani abu ya fita, asibiti za a tuhuma.

Ina kira ga 'yan'uwana masu riƙe da bayanan jama'a a asibitoci da makarantu da kantunan magani, idan za a ɗora muku irin wannan manhaja, ku tambayi mai aikin me take aikawa, ga wa, kuma ko ana iya kashewa. Mu mun yi sa'a, namu ya amsa tun ba mu tambaya ba.

Injiniya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya kare ku da iyalanku. Mun gode.

Naku,
Mai kula da ɗakin kati