Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Tsaro a Tsauni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga bayanin abin da kwamiti ya gudanar a hunturun da ya wuce, domin mambobinmu mazauna Grenoble ta ƙasar Faransa da kewaye, da waɗanda ke hawa tsaunukan Savoie aikin wucin gadi a wuraren wasan zamiya kan ƙanƙara.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne koyar da karatun sanarwar haɗarin zaftarewar ƙanƙara, wadda ake kira BERA. Hukumar yanayi ta Météo-France ce ke fitar da ita kullum wajen ƙarfe 4 na yamma, kowane rukunin tsaunuka da tasa: ta Belledonne daban, ta Chartreuse daban, haka Vercors da Oisans. Ma'aunin mataki 5 ne, wanda ƙasashen Turai suka amince da shi tun 1993. Kuskuren da muka fi tararwa shi ne mutum ya ga lamba 3 ya ce ai tsaka-tsaki ne. Ba haka ba ne. Kusan rabin waɗanda ƙanƙara ke kashewa a tsaunukan Alps a mataki na 3 suke rasuwa, domin a 4 da 5 kowa na jin tsoro ya zauna gida, a 3 kuwa rana ta fito, tsauni ya yi fari fat, ga sabuwar ƙanƙara tana kira. Shi ya sa muka hana tsayawa a kan lambar. A karanta har ƙasa: daga wane tsayi haɗarin ya fara, wace fuskar tsauni ce, arewa ko gabas, kuma wace irin matsala ce a ranar.

Wadda ta fi kisa ita ce falalen ƙanƙara. Iska ce ke kwaso ƙanƙara daga wannan gefen ta jibge ta a wancan, ta daddale ta zama falale guda. Idan a ƙarƙashinsa akwai shimfiɗa mara ƙarfi, nauyin mutum ɗaya ya isa. Ita wannan shimfiɗar tana samuwa ne idan ƙanƙarar farkon hunturu ba ta da kauri kuma aka yi darare masu tsananin sanyi: ƙwayoyinta su canza, su daina kama juna. A ranar horo a fili mun haƙa rami har ƙasa, kowa ya sa hannu. Ta sama sai an yanka ta da shebur, ta can ƙasa kuwa tana zuba ta tsakanin yatsu kamar sukari. Tana iya kwanciya haka makonni a fuskar arewa ba wanda ya gan ta.

Gangare mai digiri 30 zuwa 45 shi ne inda falale ke ɓallewa, kuma mutum na iya tada shi daga ƙasa, yana tafe a shimfiɗaɗɗen wuri. Sabuwar ƙanƙara santimita 10 zuwa 20 ta isa zama haɗari idan ta zo da iska mai ƙarfi. Alamomin da muka nanata: ƙarar “wuf” a ƙarƙashin ƙafa, tsaga da ke gudu daga bakin katakon zamiya, da sawun zaftarewar da ta faru kwanan nan. Wanda ya ga ɗaya ya juya. A wuri mai shakka a bar aƙalla mita 10 tsakani wajen hawa, wajen sauka kuwa ɗaya bayan ɗaya.

Sai kayan ceto, wato na'urar DVA (wadda kowa ke ɗaurawa a jiki tana aika sigina, don a gano shi in ƙanƙara ta binne shi), sandar bincike da shebur. Ba a ɗaukar biyu a bar ɗaya. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko galibi yana rayuwa. Idan aka kai minti 35, kusan ɗaya cikin uku ne ke saura, sauran numfashi ya ƙare musu. Jirgi mai saukar ungulu na jandarmomin ceto a tsauni, PGHM, da wuya ya iso cikin wannan ɗan lokacin, don haka mai ceton shi ne abokin tafiya. A kira 112, amma kada kowa ya tsaya kan waya.

Tsarin da muka yi ta maimaitawa ke nan. Kowa ya mai da na'urarsa kan bincike, don ko mutum ɗaya ya manta ya bar tasa tana aika sigina, shi za a yi ta bi. Duk na'urorin a kan zango ɗaya suke, kilohaz 457, ko wane kamfani ya ƙera su. Idan lambar nisa da na'ura ke nunawa ta sauko ƙasa da mita 3, a durƙusa a bi da na'ura dab da ƙanƙara ba tare da juya ta ba. A soka sanda a zagaye, santimita 25 tsakanin suka da suka, in ta taɓa a bar ta a wurin. A fara haƙa daga ƙasan gangare, nisan zurfin sau ɗaya da rabi, ana karɓa-karɓa. A nan muka ga rauninmu. Gano na'urar da muka binne bai ba mutane wuya ba, haƙan ne ya karya su, domin ƙanƙarar da ta zafto tana daskarewa kamar kankare, kuma wanda ke zurfin mita 1 sai an kwashe masa fiye da tan guda. Shebur na roba a nan yake tsagewa, mun daina bayar da aronsa. Wayar salula ma tana rikita na'ura: santimita 20 tsakaninsu a jiki, 50 lokacin bincike.

Ga masu aiki a wuraren zamiya, mun samu wani jami'in sintiri ya yi mana bayanin harbin asuba. Ƙarar da ake ji kafin a buɗe ba komai ba ce illa ana zaftar da ƙanƙara da gangan, da nakiya ko bututun Gazex mai haɗa iskar oksijin da gas. Wannan hanyoyin da aka buɗe kawai yake karewa. Mita kaɗan bayan igiyar da ke shata iyakar hanya, tsauni ne yadda Allah ya yi shi. Hanyar da aka rufe ma haka take: a ranar 13 ga Janairu 2016 a Les Deux Alpes mutum 3 suka rasu a kan rufaffiyar hanya, biyu daga ciki ɗaliban sakandare ne daga Lyon.

Fitar bazara mun soke wasu, saboda daren ya yi gajimare ƙanƙarar da ta narke da rana ba ta sake daskarewa ba, kuma jiƙaƙƙiyar ƙanƙara tana zaftarewa. Ƙa'idar ita ce in takalmi ya nutse har gwiwa, an makara.

A hunturu mai zuwa muna so duk mai jagorantar fita ya yi horo a wajen ANENA, cibiyar nazarin ƙanƙara da zaftarewarta da aka kafa a nan Grenoble a 1971 bayan zaftarewar Val d'Isère ta 1970 da ta kashe mutum 39. Za a tattauna kuɗin a babban taro. Masu riƙe da na'urorin aro su cire batir kafin su dawo da su, domin wanda ya kwana a ciki duk bazara yana yoyo ya cinye ƙarfen.

Wassalam,
Kwamitin Tsaro a Tsauni