Sanarwa kan hayar filayen noman rani a Gurara

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun bayan sallar Juma'a ake ta tambayata kan batun karɓar hayar filaye a ƙasan dam ɗin Gurara, to ga abin da nake gani.

Dam ɗin yana jihar Kaduna, kuma ba don noma kaɗai aka gina shi ba. Daga can ake turo ruwa ta bututu mai tsawon kusan kilomita 75 zuwa dam ɗin Usuma da ke Ushafa, ruwan da mu mazauna Abuja muke sha. Ga kuma wutar lantarki. A ganina, in ruwa ya ja baya a watan Maris, ba tumatirinmu za a fara dubawa ba.

Amma ƙasar kanta ta fi damuna. Filayen nan suna da masu su tun kaka da kakanni, ga makiyaya da burtalinsu. Dattawanmu suna tuna abin da ya faru a dam ɗin Bakolori a 1980, lokacin da manoman da aka raba da gonakinsu suka tashi neman diyya, har aka rasa rayuka. Mutanen Haɗeja da Nguru kuwa har yau suna fama da ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa bayan an gina dam ɗin Tiga da na Challawa.

Don Allah kada kowa ya biya ko sisi sai mun ga takarda, mun kuma zauna da mai unguwar wurin. Mu haɗu ranar Asabar bayan La'asar inda muka saba a Dei-Dei. Wanda yake da injin ban ruwa ya sanar da mu a nan kafin ranar.