Rahoton kwamitin katangar maƙabarta da rijiyar tunawa da mamatan harin Babban Masallacin Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, malamanmu, Mai Unguwa, da duk wanda ya sa ko sisin kwabo a wannan aiki, muna gaishe ku. Mun so a ce wannan rahoto ya fito tun makon da aka buɗe famfo. Jinkirin daga gare mu yake, ku yi mana afuwa. A tsakanin nan tambayoyi sun yi yawa a zauren WhatsApp na unguwa da majalisun dare, har ta kai wani ya ce an ci kuɗin mamata. Wanda ya ba da kuɗinsa yana da haƙƙin tambaya, ba mu ƙullaci kowa ba. Amma kalmar ta yi nauyi, domin a cikin kwamitin nan akwai wanda ya binne mahaifinsa a makon harin masallacin, akwai wanda ya binne ƙanne biyu.

Kowa ya san mafari. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamban 2014, ana shirin tayar da salla a Babban Masallacin Juma'a da ke jikin Gidan Rumfa, bama-bamai suka tashi, 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masu gudun tsira. Sama da mutum 100 suka rasu. Lokacin ko shekara uku ba a cika ba da harin 20 ga Janairun 2012, wanda shi ma ranar Juma'a ya faɗo wa Kano. Unguwarmu ta yi rashi a duka biyun. Maƙabartar da muka kai 'yan uwanmu kuwa, kowa ya ga yadda ta koma: katangar ƙasa ta zube, awaki na kiwo a kan kaburbura, masu babura sun fitar da hanya ta tsakiya, wasu sun mai da kusurwar yamma juji. Ruwan da za a kwaɓa ƙasar rufe kabari ma sai an tsaya jiran ɗan ga-ruwa, mamaci na kan makara. Shi ya sa aka yanke cewa kafin cikar shekara 10 da harin masallaci za a kewaye wurin da bulo, a haƙa burtsatse, ladan ya je ga waɗanda suka rasu.

Tun zaman farko aka daidaita abu uku. Wasu matasa sun kawo shawarar a kafa allon dutse mai sunayen mamatan a bakin ƙofa, malamai suka ce a bar shi, aka bari. Sunayen suna cikin littafi a wurin liman. Aikin ƙarfi duk na gayya ne, birkiloli da mai walda da masu haƙa rijiya kaɗai za a biya. Kuɗi ba zai fita daga asusu ba sai da sa hannun shugaba da ma'aji da wakilin limamai. Muka fara tara kuɗi a farkon 2023, daidai lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a, saboda haka watannin farko sun tafi a hankali.

A dunƙule, kusan rabin abin da ya shigo ya tafi a siminti. Burtsatse da tanki da kayan sola sun ci kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ragowar ita ta biya yashi da tsakuwa da rodi da ladan masu sana'a. Babu ɗan kwamitin da ya karɓi kuɗin mota ko na abinci. Littafin shiga da fita, da rasit ɗin kowane saye, yana wurin ma'aji, an kuma manna kwafinsa a allon masallacin unguwa. Gani ya kori ji.

Maganar siminti ita ce uwar ƙorafin, don haka a nan za mu daɗe.

Lokacin da muka yi kiyasin farko, buhu yana wajen naira 5,000. Zuwa Fabrairun 2024 ya haye naira 10,000, dala kuma ta wuce naira 1,500. Shugaba da ma'aji da babban birkila suka zaga dilolin siminti uku a wuni ɗaya. Farashin da aka faɗa musu da hantsi, kafin la'asar ya canza. Babu dila ɗaya da ya yarda ya riƙe mana farashi ko na kwana biyu. Daren nan bayan sallar isha muka yi zaman gaggawa a zauren Mai Unguwa, aka yi ta ja har wajen sha ɗaya. Mutum biyu suka ce a jira. Sauran muka ce a saya duka gobe. Aka saya. Bai fi kwana goma ba sai ga labari a rediyo cewa Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin siminti an amince buhu ya tsaya tsakanin naira 7,000 da 8,000. A shagunan da muka koma dubawa farashin bai sauka nan take ba, amma daga baya ya sauka, kuma da mun jira da mun tsira da sama da naira 2,000 a kowane buhu. Ba mu musanta wannan ba. Mutum biyun nan su suka yi daidai, kuma mun faɗa musu haka a gaban jama'a.

To me ya hana mu jira? Wanda bai shiga maƙabartar a watan nan ba ba zai gane ba. Mun riga mun haƙa ramin fandisho a duk ɓangaren yamma, kuma ramin ya bi ta gefen tsofaffin kaburbura, a wasu wuraren tazarar ba ta kai taku biyu ba. Yamma ce gangaren wurin, duk ruwan unguwa can yake bi. Da damina ta same mu da rami a buɗe, ruwa zai kwanta a ciki ya ci gindin kaburburan nan su rufta, mu da muka zo kare su mu zama sanadin tonuwarsu. Ga azumi ya ƙarato, an ɗauke shi 11 ga Maris, kuma babu mai imanin da zai tara matasa su yi ta ɗaukar kwanon sarki a zafin bazarar Kano da ƙishirwa a bakinsu. Makonni uku kawai muke da su na buga bulo ya sha ruwa ya bushe. Kuɗin da ke asusu kuma kullum ƙimarsu zagwanyewa take yi. A daren nan babu wanda ya san farashi zai sauka. Abin da kowa ke faɗa a kasuwa shi ne zai ƙara hawa.

An kuma ce me ya sa ba mu sayi bulo bugagge ba mu huta. Mun gwada. Babban birkila ya ɗauko guda uku daga wurare daban-daban, ya saki kowanne daga tsayin ƙirjinsa a gabanmu, biyu suka tarwatse kamar ƙuli-ƙuli. Tsadar siminti ta sa masu buga bulo da yawa suna cika yashi. Katangar da za ta tare ruwan gangare ba a yi mata araha, shi ya sa muka yi hayar injin bugawa muka tsaya a kan kwaɓin da kanmu.

Saura zancen da ake yi a ɓoye, gara mu fito da shi fili. Gaskiya ne dilan da muka saya a wurinsa surukin wani ɗan kwamiti ne. Shi ɗan kwamitin da bakinsa ya faɗa kafin a fara magana, ya tashi ya fita, bai dawo ba sai da aka gama. Farashin dilan shi ne mafi ƙasa a cikin ukun, kuma da motarsa ya kawo kayan har bakin maƙabarta bai karɓi kuɗin dako ba. Takardun farashin dilolin uku suna cikin fayil. Da mun tsallake mai sauƙi mun saya a wurin mai tsada don gudun surutu, da yau wata tambayar kuke yi mana.

Akwai asarar da ba a ma tambaye mu ba, za mu faɗa da kanmu. Simintin da ya rage na ginshiƙai mun ajiye shi a wani shago da aka ba mu aro, ba mu sa katako a ƙasa ba, ba mu kuma hau mun duba kwanon rufin ba. Ruwan farko ya shiga, buhunan layin ƙasa suka daskare suka zama dutse. Sakacinmu ne. 'Yan kwamiti muka yi karo-karo daga aljihunmu muka mayar da su, ba a taɓa asusu ba, kuma an rubuta haka a littafi.

Sola kuma, masu cewa da janareta aka saya da an yi rarar kuɗi su tuna cewa kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, cikin kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta haye 1,000. Wa zai riƙa zuba wa injin maƙabarta mai kullum? Mun ga burtsatse nawa a garin nan da suka mutu a kan haka.

Abin da kuɗi bai saya ba shi ne gumin jama'a. Kowace Asabar bayan sallar asuba ake haɗuwa, kowa da abin da ya samu, diga ko shebur ko baro. 'Yan makarantar allo su ke jera layi suna miƙa bulo hannu da hannu. Mata ba sa shiga maƙabarta, amma tun kafin rana ta ɗaga kulolin koko da ƙosai suke isowa bakin ƙofa, ba a taɓa aika musu da ko naira ba. Akwai wani dattijo cikin masu haƙan kabari, wanda da hannunsa ya haƙa da yawa daga kaburburan wancan mako na 2014. Da aka zo ja igiyar fandisho ya hana a buga turke ɗaya sai ya taka wurin. Ya riƙa bi da sandarsa yana dungurar ƙasa, inda ya ga fasasshen tukunya ya tsaya ya ce a matsa. Inda babu alamar komai ma wani lokaci sai ya ce akwai mutum a nan, a haƙa gefe kaɗan a ga itacen rufi. Saboda shi katangar yamma ta ɗan karkace a wuri biyu. Masu cewa birkiloli ba su iya ja layi ba, ga dalilin.

Cikar shekara 10 ta faɗo ranar Alhamis, sai muka bari zuwa Juma'a 29 ga Nuwamban 2024. Aka sauke Alƙur'ani, liman ya karanto sunayen da ke littafi ɗaya bayan ɗaya aka yi musu addu'a, sannan wani yaro da aka haifa watanni kaɗan bayan rasuwar mahaifinsa a harin ya murɗa famfo. Washegari matasanmu suka je Asibitin Murtala suka ba da jini, don tuna yadda aka yi ta kiran jama'a su kai jini a ranar harin.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu na Kantin Kwari, wanda ya hana a ambaci sunansa. Shi kaɗai ya ɗauki nauyin haƙa burtsatse, da aka tarar da dutse masu haƙa suka nemi ƙari bai ko tambayi nawa ba. Allah ya ƙara buɗi, ya jiƙan mahaifansa, ya sa ya tarar a mizani. Haka 'yan unguwarmu mazauna Saudiyya da Legas da Abuja, waɗanda kuɗinsu ya riƙe mu a watannin da hannun mutanen gida ya bushe. Haka Hajiya, uwar marayu, da ta aiko da kwasar adashenta gaba ɗaya a ƙulle a gefen zane. Mun mayar mata da rabi ta sake aikowa. Mai tifar da ya kawo yashi sau da dama kyauta, mai waldan da ya yafe rabin ladansa, Mai Unguwa da ya ba mu zaurensa da shayinsa, 'yan sintirin da suka kwana gadin rodi, Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Sai dai aiki bai ƙare ba. Yamma da kudu da arewa sun tashi, gabas har yanzu a buɗe take, ta nan awaki ke shigowa, masu babura ma sun fara sabuwar hanya. Babu ƙyaure a babbar ƙofa, langa-langa muka jingina. Ɗakin ajiye makara da kayan haƙa ya tsaya a linta ba rufi, diga da shebur suna kwana a gidajen mutane, in an yi rasuwar dare sai an bi ana buga ƙofa. Farantan sola suna buƙatar keji na ƙarfe, domin an riga an gwada kwance ɗaya. Masu haƙan kabari kuma, yawancinsu tsofaffi ne, ba su da wani abin dogaro sai abin da masu mamaci suka miƙa, muna son a tsayar musu da ɗan ihsani na wata-wata. Abin da ya rage a asusu ba zai sayi bulon rabin gabas ba.

Wannan karon mun ji shawararku: ba za a sayi komai mai nauyi ba sai an sanar a zaure kwana uku kafin nan, kuma muna roƙon masu ba da gudummawa su zaɓo mutum biyu daga wajen kwamiti su riƙa duba littafi duk ƙarshen wata. Mai kuɗi ya kai wa ma'aji ya karɓi rasit, kada a ba kowa a hanya ko da ɗan kwamiti ne. Mai bulo goma ko buhu ɗaya ya kawo, za a rubuta. Wanda ba shi da ko ɗaya, ranar Asabar bayan asuba za a fara haƙa fandishon gabas, muna da ƙarancin baro, mai shi ya taho da shi.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamiti.