Vespar Malam ta je Kaduna

Assalamu alaikum mutumina, baƙon Kumasi da ya zama ɗan gari,

Ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Wata bakwai ke nan rabon da in ji muryarka. Lambarka ta Ghana na kira har na gaji, kullum wata mata ce ke amsa mini da Turanci. Shi ya sa na damƙa wa direban albasa wannan takarda, in ya ɓatar da ita kai da shi.

Ka nemi wuri ka zauna tukuna. Vespar marigayi Malam, babanku, ta je Kaduna, kuma da ƙafarta ta je, ba a mota aka ɗora ta ba. Ni na kai ta. Ban nemi izininka ba, amma Hajiyarku ce da kanta ta kwance makullin daga bakin zanenta ta miƙo mini, saboda haka in faɗa za ka yi, ka fara ta can.

Masu manyan babura na Kaduna ne suka shirya baje koli ranar wata Asabar, suka aiko wa ƙungiyarmu goron gayyata. Roadmaster ɗina kuwa tana kwance, fistin ya ci, aljihu kuma ka san halinsa. Dogo ne ya ce me zai hana a tayar da tsohuwa. Da muka yaye buhunan da ka rufe ta da su a zaure, sai ga kaza ta yi ƙwai shida a wurin sa ƙafa. Sati uku Dogo yana fama. Ya wanke tanki da kafireto, ya sake fulogi da wayoyin kuloci, ni kuma na yi sawu huɗu a Ƙofar Ruwa ina neman taya mai inci 8, yaran shago suna tambayata ko ta baro nake nufi. A ɗan akwatin nan na gefen hagu muka tarar da rasit a cikin leda, ya yi ja kamar an jiƙa shi a shayi: Super 150, shekarar 1975. Ashe da gaske kake da kake cewa da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikatan gwamnati, aka saye ta. Na daɗe ina ɗauka cika baki ne irin naka.

Ranar da ta tashi, bugu na tara ta kama, hayaƙi ya cika zaure. Sai ga Hajiya ta fito ko mayafi babu, ta dafa bango ta tsaya. Ta ce ita dai ta ji Malam ya dawo daga makaranta. Dogo ya sunkuyar da kai yana goge sifana wadda ba ta da datti. Ni ma ban iya cewa komai ba.

Mun tashi daga Na'ibawa bayan asuba, mu goma sha ɗaya. Kafin Kura masu manyan injuna sun ɓace mana, aka bar ni da Dogo da Liman a kan Jincheng ɗinsa, muna tafiyar hawainiya. Ka san ba a zuba mata fetur zalla, sai an gauraya da baƙin mai, mililita 100 a kowace lita biyar. Yaron gidan mai a Kwanar Dangora ya ga ina awo da kwalbar magani, ya tambaye ni ko babur ɗin ba shi da lafiya ne. Kuɗin mai kuwa kar ka tambaya, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ko Liman ya koyi kashe inji a gangara. A Tashar Yari wayar kuloci ta tsinke, sabuwa fil, Dogo ya zaro wata daga aljihu kamar mai dabo. Giyar hannu ta sa wuyan hannuna ya kumbura kafin Zariya, ƙananan tayoyin nan kuma duk ramin da suka gani sai sun gaishe shi. Kilomita wajen 230, awa shida da 'yan kai. Muka ratsa Kawo ana kiran azahar.

Filin ya cika maƙil. Na ga Gold Wing ido da ido, silinda shida, har da giyar baya da rediyo, kujerar bayanta ta fi ta falona laushi. Ga Hayabusa, ga BMW masu akwatunan ƙarfe, ga wata Harley-Davidson da in aka murza ta sai ka ji hanjinka na rawa. Wasu samari kuma suna ɗaga tayar gaba ba hular kwano, jama'a na ihu. Wannan bai burge ni ba ko kaɗan. Mu da muka ga yadda aka hana acaɓa a Kano a 2013, muka sha tara da tambaya a kowane shinge, mun san abu kaɗan ake jira a shafa wa duk mai babur baƙin fenti.

Can ƙarshen layi aka ba mu wuri, kusa da mai tsire. Ban gama kafe ta ba dattawa suka fara zuwa. Wani ya ce da irinta ya je zance, wani ya ce a kanta ya kai matarsa asibiti haihuwar fari. Wani tsoho mai sanda ya karkata ta gefen dama, ɓangaren inji, kafin ya buga, wai haka suke yi in ta yi gardama, kuma bugu ɗaya ta tashi. Shi ne ya gaya mana tun 1946 ake ƙera ta a Italiya, sunan ma zanzaro yake nufi da harshensu, ka dubi ƙugunta ka gani. Kafin la'asar mutanen da ke kanta sun fi na Gold Wing, mai Gold Wing ɗin ma ya zo ya ɗauki hoto. Shugaban ƙungiyarmu, wanda da safe ya ce kar mu ja musu abin kunya, sai ga shi yana cewa "tamu ce, tamu ce".

To ga inda gizo ke saƙa. Wani alhaji mai tara tsofaffin babura ya ja ni gefe ya yi tayi. Ba zan rubuta adadin ba saboda direban albasa ya iya karatu, amma zai sayi Boxer sabuwa guda biyu har a yi canji. Na ce ba tawa ba ce. Dogo da bakinsa kamar rariya, muna dawowa ya fesa wa Autanku. Yanzu Auta ya tayar da ƙayar baya, wai gado ce, yana da haƙƙi a ciki, ga lefe yana jiransa bayan salla. Haƙƙi kam yana da shi, ban musa ba, kuma yaron a matse yake. Amma ni na ga fuskar Hajiya a zaure, shi bai gani ba. Tun ranar, duk Juma'a sai ta aiko in zo in tayar da ita, ta zauna a kan tabarma tana saurare har mai ya kusa ƙarewa. In ta ni ne, ka yi wa babur ɗin kuɗi, ka biya Auta da 'yan matan rabonsu, ko da kaɗan-kaɗan ne. Ni zan iya jinkirta gyaran Roadmaster in sa abin da ya samu. Alhajin ya kira sau uku, ina ta ce masa kana daji.

Af, Liman ya ƙara aure, 'yar Bichi, kuma a kan Jincheng ɗin nan ya je gaisuwar iyaye, ka ji ƙarfin hali. Mai shayinmu ya koma tsallaken titi, ya ƙara kuɗin ƙwai, bashinka na nan a littafinsa da jan biro.

Saura abu ɗaya. A hanyar dawowa, wajen Rigachikun, yashi ya kwashe ni. Ni dai gwiwa ce kawai, amma murfin gefen hagu ya ɗan loɓa, fenti ya kankare kamar faɗin tafin hannu. Dogo ya ce zai buga shi ya koma, kalar ce dai har yanzu ba mu samu irinta ba. Hajiya ba ta lura ba, don ta wajen bango nake jingine ta.

Ka gaida uwargida da yara. Ka aiko da goro mai kyau, ba irin na bara ba, da lambar da mutum ke ɗauka.

Naka,
Sarkin Gangara