Zuwa ga kwastomominmu masu babura, kan maganar rektifaya da batir

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, duk wanda ya taɓa turo babur ɗinsa ƙofar garejinmu ko da sau ɗaya ne. Ni ba mutum ne mai yawan rubutu ba, aikina wayar wutar babur da mitar auna wuta, amma abun ya kai inda dole sai na yi magana da bakina saboda maganganun da suke dawo mana daga majalisa da bakin masallaci, wasu ma daga mutanen da muke ganin girmansu, wai garejinmu ya lalace, wai muna saka wa mutane kayan jabu muna karɓar kuɗin orijinal. Wallahi maganar nan ta hana ni barci, shi ya sa na ce gara kowa ya ji yadda abun yake daga tushe.

Gaskiya ne, akwai waɗanda muka canza musu rektifaya, wato na'urar da take daidaita wutar da ke cajin batir, a watannin nan kuma ba a yi nisa ba suka dawo, wani batir ɗinsa ya kumbura, wani ƙwan fitila yana ta ƙonewa ɗaya bayan ɗaya, wani kuma da safe ya danna sitata shiru sai da kik. Ban musa ba, ya faru, kuma da hannunmu muka ɗaura kayan. Ku yi haƙuri. Amma dan Allah ku tsaya ku ji yadda kayan suka shigo hannunmu.

Shekara da shekaru wurin dila ɗaya muke sari, mutumin da yake kawo kaya daga Nnewi, kuma duk mai harkar babur a ƙasar nan ya san can ne cibiyar kayan babur. Bamu taɓa samun matsala da shi ba, ko bashi muka nema yana bamu. To tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 dala kuma ta tashi, komai ya rikice, kuɗin mota daga kudu zuwa Kano ya hau, kayan da ake shigowa da su daga Chana suka yi tsada, kuma irin rektifayar da muka saba da ita ta fara wuyar samu. Sai ya aiko mana da wata ya ce kamfani ɗaya ne kwali kawai aka canza. Mun duba, soket iri ɗaya, launin wayoyi iri ɗaya, haƙarƙarin nan na jikinta da yake sanyaya ta duk yana nan. Kuma mu ba ma sallamar babur sai mun ɗora mita, wannan ƙa'ida ce tun zamanin mahaifinmu Allah ya jiƙansa. Mun ɗora, ta nuna volt 14 da ɗan wani abu, lafiya lau. Wa zai ga 14 a mita ya ce kaya ba su da kyau? Ashe matsalar sai ta ɗauki zafi take fitowa, a gareji minti biyar ake yi a gwada, amma mutum ya hau titi ya yi tafiyar awa ɗaya cikin ranar nan tamu, a nan ne take sakin layi. Daga baya da abun ya dame ni na ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda aka dawo da su na ɗora a tafin hannu, na ɗora tsohuwa ta asali a ɗaya hannun, sabuwar shakwaf kamar ba komai a ciki. Na sa guduma na fasa, baƙin danƙo ne ya cika ta, ɗan abun da yake ciki bai kai rabin na asali ba. Na kira dilan na faɗa masa, ya rantse shi ma haka aka kawo masa, kuma ni ban ce ƙarya yake ba domin na san shi, amma dai mu ne muke fuskantar ku ba shi ba.

Bari in ɗan yi bayanin yadda cajin yake aiki, saboda da yawa idan sitata ta ƙi sai kawai a ce batir ya mutu a je a sayi sabo, bayan sati biyu shi ma ya mutu, a ce masu batir ne macuta. Batir ba ya haifar da wuta, ajiyewa kawai yake, kamar randa ce. Mai kawo wutar shi ne kwayil da yake cikin inji, maganaɗisun nan yana juyawa a kansa. Wutar da kwayil yake bayarwa batir ba zai iya shanta haka ba, kuma tana hawa da sauka, ka ba da wuta ta ƙaru ka sassauta ta ragu. Aikin rektifaya biyu ne, ta gyara wutar ta koma irin wadda batir yake karɓa, sannan ta tare ta kar ta wuce misali. Idan ta mutu ta ɓangare ɗaya caji ya tsaya, idan ta mutu ta ɗaya ɓangaren sai ta buɗe ƙofa wuta ta yi ta kwarara, ruwan batir ya tafasa ya ƙafe, ƙwai ya ƙone. Wannan na biyun shi ne ya fi samun mutanenmu, kuma shi ya fi ɓarna.

Gwajin ba wani abu ne mai wuya ba. Babur a kashe, lafiyayyen batir mai volt 12 zai nuna wajen 12.6 a mita, idan ya yi ƙasa da 12 to ya yi rauni. A tayar da inji a ɗan ba shi wuta, ya kamata lambar ta hau tsakanin 13.5 zuwa 14.5 ta tsaya a nan. Idan ta ƙi motsi, ko ka kunna fitila ka ga tana sauka, caji ba ya shiga. Idan kuma ta haura 15 tana neman 16 da sama, a kashe kawai, rektifaya ta tafi. Tsofaffin baburan nan masu batir mai volt 6 lissafinsu daban ne, su ma muna dubawa.

Abun da yake yaudarar mutane a tsofaffin babura irin su CG 125 da Jincheng da ire-irensu shi ne da yawansu inji ba ruwansa da batir, ka buga kik ya tashi, fitilar gaba ma kai tsaye daga kwayil take sha, so mutum zai yi wata guda yana yawo caji ba ya shiga bai sani ba. Hon ne yake fara tona asiri, ka danna ka ji yana kuka kamar mai mura, sigina ta kama ta ƙi ƙiftawa, ko fitila ta yi haske sosai idan ka ba da wuta ta koma ja idan kana silo. Duk wanda ya ga haka kar ya jira.

Kuma a nan ina so a yi mana adalci, ba duk babur ɗin da ya dawo ba ne laifin rektifayar. Akwai wani bawan Allah da ya zo ransa a ɓace yana faɗa a gaban yara, na ce Malam zauna mu duba tare. Da na zare soket ɗin da ya fito daga inji, robar ta narke ta manne, farar waya da rawaya sun yi baƙi, koriyar wayar at ɗin da ake ɗaurewa a jikin bodi kuma tsatsa ta cinye wurin, da yatsa na taɓa ta faɗo. Muka buɗe murfin kwayil, tun kafin ka gani warin ƙuna ya gaya maka, zaren da ya kamata ya zama jan ƙarfe mai sheƙi ya koma kamar gawayi. Irin wannan ko rektifayar da ta fi kowace tsada ka ɗaura ba za ta yi ba. Ga kuma masu ƙara kaya, cajar waya, fitilu masu walƙiya, alam, rediyo, duk a jona kai tsaye a kan batir ba ta makulli ba, babur yana ajiye cikin dare abun yana tsotsa, kwayil ɗin da ya shekara 15 yana aiki kuma ba don wannan nauyin aka yi shi ba. Wasu kuma batir mai ruwa ne an manta da shi sam ba a ƙara masa ruwan batir, ko a zuba masa na rijiya. Ba ina faɗa ba ne don in wanke kaina, namu laifin na amsa shi a sama, amma idan an haɗa komai an ɗora mana a ka to ba a kyauta ba.

Maganar kuɗin aiki da muka ƙara ma na ji ana yi. Idan babu wutar Nepa janareto muke tayarwa mu yi cajin batir mu kunna abun soda, kun san nawa ake sayar da lita yanzu, mai shago ma ya ƙara haya, yara biyar suna ci a ƙarƙashin rumfar nan. Mun daɗe muna dannewa kafin mu ƙara.

Yanzu dai mun tsayar da ɗaura sauran kayan, suna nan a kwali a gefe. Muna kan magana da dilan, muna kuma neman wata hanyar, in sha Allahu za a ga canji. Duk wanda muka canza wa rektifaya a ɗan tsakanin nan ya kawo babur ɗinsa a ɗora mita, ba sai ya biya kuɗin dubawa ba, sannan mu zauna da shi mu ga yadda za a yi, kowa da irin matsalarsa, ba zan iya yanke magana ɗaya a nan ba in zo in kasa cikawa. Roƙona kawai kar ku sayi sabon batir tukuna, idan rektifayar tana zuba wuta sabon ma dafa shi za ta yi, kuɗinku ya tafi a banza. Idan za ku zo ku ɗan zaga da babur ɗin ya yi zafi kafin ku iso, mu ma yanzu mun koyi haka.

Akwai mutanen da ba zan rufe ba sai na gode musu. Baba Alhaji mai tsohuwar Honda da yake kawo ta tun ina yaro ina miƙa wa mahaifinmu sufana, shi da batir ɗinsa ya kumbura bai gaya wa kowa ba, da kansa ya turo ta ya kira ni gefe ya ce ɗana duba kayanka akwai matsala, wallahi na ji kunya na kuma ji daɗi. Malamin firamaren nan da yake zuwa daga ƙauye kowace Asabar, da masu kai madara da biredi da suke tsayawa tun da asuba, da tsofaffin 'yan acaɓa da suka riƙe mu lokacin da aka hana acaɓa a Kano a 2013, lokacin da garejin babura da yawa suka ga tasku muka ɗauka mu ma rufewa za mu yi, ku ne kuka ci gaba da kawo na hawanku kuna turo 'yan uwanku. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Na ga wasu baburan da na san ƙararsu tun daga nesa sun fara wuce mu zuwa wani wuri, ban ce komai ba, kowa da haƙƙinsa ya kai kayansa inda hankalinsa ya kwanta. Amma abun yana min ciwo, shekarun da muka yi tare bai kamata kwali biyu na kayan da ba mu muka ƙera ba su rushe su ba. Wanda yake da ƙorafi dan girman Allah ya zo ya faɗa min ido da ido, ko faɗa ne zan ɗauka. Muna buɗewa bayan an fito daga sallar asuba da an ɗan yi haske har zuwa magariba, ranar Juma'a muna tashi da wuri mu dawo bayan an sauko daga masallaci.

Naku,
Mai gareji da yaransa